Ɗana yana kuka da zarar an buɗe littafin aikin gida: ina mafita?

Uwar Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat. Ɗana yana da shekara bakwai, yana aji biyu na firamare, kuma kusan kullum yakan dawo da aikin gida, wani lokaci lissafi, wani lokaci karatu da kwafar jimloli. Yaro ne mai surutu da son tambaya, amma da zarar na ce ya ɗauko jakarsa sai fuskarsa ta canza. Zai ce fensirinsa bai fiƙu ba, idan an fiƙe sai ya ce ƙishirwa yake ji, idan ya sha ruwa sai ya ce zai zaga, daga nan kuma sai hawaye. Aikin da bai wuce shafi ɗaya ba sai mu kwashe fiye da awa guda a kansa, kuma sau da yawa abin yakan ƙare ne ina faɗa masa amsa yana rubutawa, don dai mu rabu lafiya ya kwanta. Mahaifinsa yana ganin sangarta ce, bulala ce maganinta. Wata ƙawata ta ce in riƙa yi masa alkawarin kyauta, wata kuma ta ce in ɗauko malamin da zai riƙa zuwa gida. Ni kuwa tsorona kada yaron ya tsani karatu gaba ɗaya tun bai je ko'ina ba. Don Allah masu ilimi da masu gogewa ku taimaka mini.

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana su. Zan fara da abin da ya fi damuna a cikin bayaninki, wato faɗa masa amsa, domin ni ce irin wadda littafin yake komawa hannunta da safe. Aikin gida a wannan mataki saƙo ne daga yaro zuwa ga malaminsa, yana nuna masa abin da ya zauna da abin da bai zauna ba. Idan littafi ya zo mini amsa goma duk daidai, zan ɗauka yaron ya gane, in wuce zuwa darasi na gaba, alhali kuwa hannunsa ne ya rubuta amma kan uwarsa ne ya yi aikin. Ranar jarrabawa sai a ga ya faɗi, kowa ya yi ta mamaki. Shafi mai kurakurai huɗu waɗanda yaron ne ya yi su da kansa ya fi mini amfani nesa ba kusa ba, saboda a cikin kuskuren nake ganin inda tunaninsa ya karkace.

Abu na biyu shi ne tsawon lokacin. Awa guda ta yi wa ɗan shekara bakwai yawa ƙwarai, balle bayan ya wuni a aji. A Amurka akwai wata ƙa'ida da ƙungiyoyin iyaye da na malamai suka daɗe suna bayar da ita: minti 10 a kowane dare ga ɗan aji ɗaya, minti 20 ga ɗan aji biyu, a yi ta ƙara goma-goma da kowane aji. Farfesa Harris Cooper na jami'ar Duke, wanda ya tattara nazarce-nazarce masu yawa a kan aikin gida tare da abokan aikinsa ya fitar a 2006, ya gano cewa alaƙar yawan aikin gida da cin jarrabawa tana da ƙarfi ga 'yan sakandare, amma ga ƙananan 'yan firamare tana da rauni sosai. A Faransa ma tun 1956 ma'aikatar ilimi ta hana ba 'yan firamare aikin gida na rubutu, ko da yake malamai da dama ba su daina bayarwa ba. Ban kawo wannan don ki raina aikin ba. Na kawo ne don ki san cewa babban abin da yaro yake samu a wannan shekaru shi ne sabo da zama da kuma jin cewa zai iya, kuma waɗannan biyun su ne awa guda ta kuka take rushewa. Ki sa masa minti 20 zuwa 25. Idan lokaci ya cika ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai gama ba, ki ja layi a inda ya tsaya, ki rubuta wa malaminsa cewa nan ya kai da kansa.

Baban 'Yan Huɗu:
Malama, na gode da bayaninki, amma ki yi haƙuri, ban gamsu da dukkansa ba. Idan yaro ya gane cewa minti ashirin kaɗai ake bukata ya ɓata da fiƙar fensir da shan ruwa sannan a sallame shi, to gobe ma haka zai yi, jibi ma haka. Yara suna da wayo fiye da yadda muke zato. Mu da muka taso ba a lallashe mu a kan karatu ba, kuma ga shi mun zama mutane. Ina goyon bayan maigidan wannan baiwar Allah. Ba ina nufin a illata yaro ba, amma dole ya san cewa akwai abin da zai biyo baya idan ya ƙi. Magabata sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Rayuwa cike take da ayyukan da mutum ba ya so amma tilas ya yi, kuma idan bai koyi wannan a gaban iyayensa ba, a ina zai koya?

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ba na so a wuce ta da sauri: yaro yana bukatar ya koyi yin abin da ba ya marmari. Inda muka rabu da kai shi ne hanyar. Na shafe shekarun aikina ina kallon yaran da ake duka a kan karatu, kuma abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne ɓoye rashin saninsu. Irin wannan yaro ba ya ɗaga hannu a aji, ba ya cewa bai gane ba, yana kwafa daga littafin na kusa da shi, wani ma yakan yage shafin da aka ba shi aikin kafin ya isa gida. Idan ka tambaye shi bakwai a tara da biyar, idonsa yana kan hannunka ne, ba a kan lambobin ba. Zuciyar da ta cika da tsoro ba ta da sauran wurin riƙe lissafi.

Da muke cewa an doke mu kuma mun zama mutane, kanmu muke ƙirgawa, mu da muka kai gaci. Ba ma ƙirga abokan ajinmu da suka gudu daga makaranta suka tafi da yaƙinin cewa su daƙiƙai ne, alhali wasunsu sun fi mu kaifin basira. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun haɗa binciken da aka yi na shekaru masu yawa a kan yara fiye da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara ɗabi'ar yaro ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da damuwa da lalacewar dangantaka da iyaye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsayinta a 2018 tana ba iyaye shawarar su bar shi, har da tsawa mai wulaƙantarwa.

Tsanani yana da wurinsa, sai dai a san inda za a ajiye shi. A tsananta a kan lokaci: kullum a zauna a lokacin da aka tsayar, ba ciniki. A tsananta a kan wuri: talabijin a kashe, waya a nesa, har da wayar uban. A tsananta a kan shiri: a fiƙe fensir biyu, a sha ruwa, a zaga, duk kafin a zauna, kuma agogo ba ya fara ƙirga sai fensir ya taɓa takarda, wanda hakan ya toshe ƙofar wayon da kake tsoro. Amma a kan kuskure, a nan ake sassauci, domin kuskure ba laifi ba ne.

Baban 'Yan Huɗu:
Ranka ya daɗe, batun cewa agogo ba ya tafiya sai an fara aiki ya kwanta mini. Sauran kuwa ina nan ina nazari, domin har yanzu ban ga abin da uba zai yi ba idan yaro ya dubi idonsa ya ce ba zai rubuta ba. Zan dawo kan wannan.

Uwar Ɗan Aji Biyu:
Na gode muku ƙwarai. Malama, tunda kin ce a cikin kuskure ake ganin tunanin yaro, bari in kawo misali. A lissafin ɗebewa ne kukan ya fi yawa. An ba shi 42 a ɗebe 17, ya rubuta 35. An ba shi 63 a ɗebe 28, ya rubuta 45. Na ce masa ba daidai ba ne, ya sake, ya sake kawo amsar nan dai, sai ya ce shi ba ya iya lissafi. A karatu kuma yakan dubi harafin farko na kalma ya cinci sauran.

Malamar Firamare:
Madalla da kika kawo wannan, 'yar'uwa, domin yanzu an zo wurin. Ki sake duban amsoshin nan biyu. Yaronki ba cinta yake yi ba, doka yake bi, kuma yana binta ba tare da kuskure ba, sai dai dokar ce ba daidai ba. A 42 da 17 ya dubi 2 da 7, ya ga ba za a iya cire bakwai daga biyu ba, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai ya sami 5, sannan ya cire ɗaya daga huɗu ya sami 3. Ga 35. A na biyun ma haka: uku daga takwas 5, biyu daga shida 4, ga 45. Wannan yana cikin kurakuran da aka fi sani a duniyar koyar da lissafi, kuma yana nuna cewa yaron ya iya ɗebewa sarai, abin da bai gane ba shi ne aro, wato cewa 4 ɗin da ke cikin 42 ba huɗu ba ce, gomomi huɗu ce. Shi ya sa cewa ya sake ba ta da amfani. Ko sau nawa ya sake, dokarsa za ta kai shi wuri ɗaya, kuma a ganinsa ya yi daidai ana ce masa bai yi ba. Wane ne ba zai yi kuka ba?

Ki ajiye littafin tukuna. Ki samo tsinkaye ki ɗaure su goma-goma da zare, shi da kansa zai ƙirga ya ɗaure. Ki ce ya ajiye miki arba'in da biyu: ɗauri huɗu da tsinke biyu a warwatse. Sai ki ce ya ba ki goma sha bakwai. Zai miƙo ɗauri ɗaya, sannan ya tsaya yana kallon tsinke biyun nan, domin bakwai ake nema. A nan ne aikinki yake, kuma aikin shi ne ki yi shiru. Ki ƙirga har goma a zuciyarki. Idan bai motsa ba, ki tambaye shi a ina za a samo ƙarin tsinke. Yawancin yara a nan sukan kai hannu su kwance ɗauri ɗaya da kansu, kuma wannan kwancewar ita ce aron da ake ta rubuta masa a allo bai gane ba. Idan ya ƙirga miki bakwai ɗin, zai ga ɗauri biyu sun rage da tsinke biyar, ya ce ashirin da biyar. Sai bayan ya yi haka da lambobi daban-daban har hannunsa ya saba za ku koma takarda, tsinkayen suna gefe, yana yi yana rubutawa.

Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi bayanin cewa koyo yana faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan an ɗan tallafa masa. A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka yi nazarin yadda babba yake bayar da wannan tallafi, da yadda yake janye shi sannu a hankali. Kowace uwa ta san wannan tun ranar da ta yi wa ɗanta tatata: ana ba shi yatsa ya riƙe, ana sassautawa, har ranar da zai taka bai san an sake shi ba, kuma ba a taɓa koya wa yaro tafiya yana goye. Saboda haka ku yi na farko tare, na biyu ya yi kina kallo, na uku ki tashi ki kama wani aiki a kusa ki ce ya kira ki idan ya gama.

A karatu ma shirun nan ne magani. Idan ya cinci kalma, kada ki yi saurin gyarawa, ki bari ya kai ƙarshen jimla ko zai ji maganar ba ta yi ma'ana ba. Idan bai ji ba, ki sa yatsa a ƙarƙashin kalmar, ki rufe rabinta, ya furta gaɓa-gaɓa sannan ya haɗa. Idan ya gwada sau biyu bai samu ba, ki faɗa masa kalmar ku wuce, kada labarin ya mutu a kan kalma ɗaya.

Ɗalibar Ilimin Halayyar Yara:
Iyayena da malamaina, ku ba ni dama in taɓa batun kyauta da yabo, tunda an ambace shi ba a tsaya a kansa ba. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun yi wani gwaji da yaran nazare a jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane. Aka yi wa kashi ɗaya alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, kashi na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka bar su da alƙaluman zanen ba tare da wani alkawari ba, sai aka ga waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zanen sosai, sauran kuwa suna nan yadda suke. Abin da yake wasa a wurinsu ya koma aikin lada, da lada ta ƙare sai sha'awa ta bi ta.

Yabo ma yana da nasa tarkon. Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa bincikensu a 1998 a kan 'yan aji biyar. Bayan yara sun warware wasu tambayoyi, aka ce wa wasu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, aka ce wa wasu lallai kun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi zaɓen aiki mai sauƙi daga baya, da suka haɗu da mai wuya suka fi saurin karaya, har da yawa daga cikinsu suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi jurewa. Dalilin a fili yake: idan an ce nasararka daga hazaƙa take, to faɗuwarka tana nufin ba ka da ita, sai ka guji duk abin da zai tona ka. Anti, kin ce ɗanki ya fara cewa shi ba ya iya lissafi. Kada ki amsa masa da cewa ai kai gwani ne, domin ba zai yarda ba, ga 35 ɗin nan a gabansa. Ki nuna masa abin da ya yi da hannunsa: na ga yadda ka kwance ɗaurin nan ba wanda ya faɗa maka, na ga ka koma ka gyara kalmar nan da kanka. Sannan ki ba shi ɗan zaɓi a cikin abin da ba zaɓi, kamar ya fara da lissafi ko da karatu, ya zauna a tebur ko a ƙasa. Yaron da aka ba shi ko da ƙaramin iko a kan aikinsa ya fi jin cewa aikin nasa ne.

Uwar Tagwaye:
Ƙanwata, bayaninki ya yi kyau, amma ina da ja. Yaran da kika ambata suna son zane tun farko, shi ya sa aka sami sha'awar da za a ɓata. Yaron da ake magana a kansa kuka yake yi, wace sha'awa ce kyauta za ta kashe masa? Ɗaya daga cikin tagwayena haka take, sai na manna takarda a bango, duk ranar da ta zauna a kan lokaci ba gardama sai ta zana tauraro da hannunta, idan taurari suka taru sai ta zaɓi wasan da za mu yi tare ko labarin da zan ba ta. Da zaman ya zama jiki sai ita da kanta ta manta da takardar. Ban ga illar da hakan ya yi mata ba.

Ɗalibar Ilimin Halayyar Yara:
Gaskiyarki, Anti, kuma masu binciken ma sun yarda cewa illar ta fi bayyana a kan abin da yaro yake so tun asali. Abin da kika yi yana da kyau ta fuska uku: tauraron na zama ne ba na cin maki ba, ladan lokacinki ne ba abin saye ba, kuma kin bar shi ya shuɗe da aikinsa ya ƙare. Wanda nake tsoro shi ne cinikin da ake yi a tsakiyar kuka, a ce yi shiru ka rubuta in saya maka kaza, domin a nan kukan aka saya ba karatun ba, kuma farashinsa hawa yake yi.

Kakar Jikoki:
'Ya'yana, ni ban yi karatun zamani mai zurfi ba, amma jikokina a gabana suke yin aikinsu, kuma ina so iyayen da suke jin ba su da ilimin taimakawa su ji wannan. Ni ba na koya musu, su suke koya mini. Nakan ce wa ƙaramin, zo ka nuna mini abin da malam ya koya muku yau, ni ma ina so in iya. Sai ya gyara zama ya zama malami, yana yi mini bayani, idan ya kai inda bai gane ba shi da kansa yakan tsaya ya ce bari ya duba. Nakan tambaye shi me ya sa aka yi haka ba haka ba, ba don in gwada shi ba, don da gaske ban sani ba, kuma yaro yana gane bambancin tambayar mai son sani da ta mai neman kama shi. Sannan 'yata, kada ki tare shi da littafi daga shigowarsa. Ki bari ya ci abinci, ya yi gudu da tsalle, jikinsa ya saki. Kada kuma ki bari sai barci ya fara fizgarsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mama ta taɓo abin da nake so in ƙara. Masana barci sun ba da shawarar cewa yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, kuma yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa ba hamma yake yi ba, rigima da rashin natsuwa yake yi. Ina kuma roƙon a duba idonsa da kunnensa. Yaro ba ya sanin cewa ganinsa ya raunana, domin yana ɗauka kowa haka yake gani. Idan yana matso da littafi kusa da fuska, ko yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, ko yana kwafo abin allo da kurakurai, a kai shi wurin likitan ido. Idan an gyara hanyar koyarwa an kuma tabbatar ido da kunne lafiya, amma wata da watanni yana ta fama da haɗa sauti da harafi alhali a magana da fahimta ba shi da matsala, to a nemi ƙwararre ya auna shi, domin akwai lalurar wahalar karatu da ake kira disleksiya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma gano ta da wuri yana sauƙaƙa taimako ƙwarai.

Malami Mai Koyarwa a Gida:
Tunda sana'ata ce aka ambata, bari in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa aljihuna daɗi ba. Yawancin 'yan aji biyu ba sa bukatar irina. Wurin da nake da amfani shi ne idan akwai giɓi takamaimai da aka gano, kamar aron nan, ko kuma idan zaman uwa da ɗa a kan littafi ya riga ya zama fagen faɗa har ana bukatar wani ya shiga tsakani na ɗan lokaci. Akwai kuma wani dalili. Masu bincike a jami'ar Chicago, cikinsu har da Sian Beilock, sun wallafa a 2015 cewa 'yan aji ɗaya da aji biyu waɗanda iyayensu ke fargabar lissafi, kuma suke yawan taya su aikin gida, sun koyi lissafi ƙasa da takwarorinsu a shekarar, sun kuma ɗauki fargabar. Inda irin waɗannan iyaye ba sa yawan sa hannu, ba a ga wannan illa ba. Saboda haka uwar da gabanta ke faɗuwa idan ta ga lambobi ta kiyaye bakinta daga cewa ni ma ban taɓa iya lissafi ba, ta kama ɓangaren karatu, ta bar lissafin ga wanda hankalinsa ke kwance da shi. Idan za a ɗauki malami, a zauna a ga darasinsa ko sau ɗaya. A lura wa ya fi yin magana, kuma fensir a hannun wa ya fi daɗewa. Idan malamin ne, to aikin gida yake yi wa yaro, ba koyarwa ba.

Baban 'Yan Huɗu:
Na karanta duka, kuma misalin 35 ɗin nan ya sa na yi shiru, domin da ni ne da na ce taurin kai ne. Amma ranka ya daɗe Hedimasta, ga tambayata ta ɗazu. An ba shi abinci, ya yi wasa, ya yi barci, idonsa lafiya, aikin kuma ya iya shi, amma ya naɗe hannu ya ce ba zai yi ba. Sai me?

Tsohon Hedimasta:
Sai ka bar abin da ya zaɓa ya biyo shi, Alhaji, ba tare da ka ɗaga murya ba. Ka faɗa masa sau ɗaya cewa lokacin aiki ne, kuma kallo ko wasan da ke bayansa ba ya zuwa sai an yi aiki. Ka zauna kusa da shi da naka karatun ko naka lissafin, kada ka yi ta maimaita umarni, domin kowace maimaitawa tana ba shi abokin gardama, gardamar kuwa ta fi masa aikin daɗi. Idan lokacin kwanciya ya yi bai taɓa ba, a rufe littafi, kallon ranar ya wuce, amma labarin dare da sallama mai daɗi suna nan yadda aka saba, saboda ba a cire ƙauna a matsayin horo. Da safe ya tafi da shafinsa fari ya yi wa malaminsa bayani da bakinsa. Kai kuma ka riga ka sanar da malamin tun kafin nan cewa ga tsarin da kuke bi a gida, ka roƙe shi kada ya doke shi ko ya kunyata shi a gaban aji, ya dai sa shi ya yi aikin a wani lokaci na ranar. Wahalar wannan hanya tana kan iyaye, domin ganin ɗanka ya fita da aikin da ba a yi ba yana da ciwo, kuma a nan ne da yawa suke karaya su karɓi fensir. Idan ƙin ya ci gaba har ya zama na kullum duk da wannan, to ka je makarantar ka zauna da malamin, ka tambaye shi yadda yaron yake a aji, wa yake zama kusa da shi, ko akwai mai tsokanarsa, kuma a wane darasi ne ya fara yin shiru.